Zoben surukata ya faɗi a yashin tsakar gida, wai injin gano ƙarfe zai iya nemo shi?

Maman_Hanifa
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah shawara nake nema, kuma da gaggawa, don rabona da barcin kirki tun ranar Asabar. An yi yinin bikin ƙanwata a gidanmu na gado da ke Gwale, sai na ari zoben gwal na Hajiya, mahaifiyar maigidana, don ya shiga da sarƙar da na saka. Ba wani ƙaton zobe ba ne, bai fi giram 6 ba, amma tun aikin Hajjinta na farko ta sayo shi a Makka. Ya ɗan yi min yawa, sai na naɗa masa zare ta ciki. Da la'asar na tsuguna bakin rijiya na yi alwala, na tashi na shiga rabon abinci, na ɗan taka rawa da aka kira yayyen amarya. Sai bayan magariba na dubi hannuna na ga wayam.

Tsakar gidan rabi siminti ne, rabi kuma yashi aka zuba mota guda saboda bikin. Mun share, mun tona da hannu, mun haska da tocila har ƙarfe 11 na dare, babu shi babu alamarsa. Yanzu ƙanen maigidana yake ce min akwai wani inji da ake bi da shi a kan ƙasa, in ya zo kan ƙarfe sai ya yi kuka. Wai da gaske yana jin gwal? Kuma a ina ake samunsa a Kano, ko da haya ne? Hajiya ba ta sani ba tukuna. Abin da ya fi ci min rai, 'yan uwa sun fara nuna yarinyar da ke taya Ummanmu aiki, ni kuma zuciyata ba ta ba ni ita ce ba.

UmmuSadiq
Innalillahi. Allah Ya bayyana, 'yar uwa. Kayan aro nauyi gare shi ko da tsintsiya ce, balle gwal ɗin suruka.

Auta_Dorayi
Anti, in dai ƙanen mijinki ya sani, ai Hajiya ta kusa sani. Gara ki riga shi.

Dan_Fagge
Ki tura masallacin Juma'ar unguwarku a roƙi 'yan agaji su ara muku sandar nan da ake shafa wa mutane a ƙofa. Tun bayan harin da aka kai Kano a Janairun 2012 masallatai da yawa suka tanadi irinta, wasu ma suna nan ajiye ba a amfani da su. Batir kawai za ku saya.

Mai_Gadi_Bompai
Dan_Fagge, da sandar nan nake cin abinci shekara 9 ke nan, bari in faɗa maka abin da take iyawa. Tana jin wuƙa, tana jin makulli da waya a aljihu, saboda manya ne kuma a jikin mutum kake goga ta. Ƙaramin abu kamar zobe kuwa sai ta zo daf da shi. Yanzun nan na gwada da zoben azurfata a kan benci: da na ɗaga ta sama da faɗin yatsu uku sai ta yi shiru. To tsakar gida guda, sai dai Maman Hanifa ta yi rarrafe da ita daga safe har dare. Inda za ta yi amfani shi ne sharar da suka tara. A shimfiɗa buhu, a baza yashin a kai siriri, a bi shi da ita. Kuma kada a shimfiɗa buhun a kan simintin da ke da rodi. Batirinta mai kusurwa huɗun nan ne, mai bolt 9.

Injiniya_Bichi
Maman Hanifa, e, yana jin gwal, kuma zobe na cikin abubuwan da ya fi ji da kyau. Amma ki cire wa ranki cewa injin ya san gwal. Bai san shi ba. Faifan nan da ke ƙasan sandar, waya ce nannaɗe a cikinsa. Lantarki na bi ta cikinta yana tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. In ya tarar da ƙarfe kowane iri, sai wani ɗan lantarki ya riƙa zagaya jikin ƙarfen, wata wayar ta biyu a cikin faifan ta jiyo shi, shi ne kukan da kike ji. Shi ya sa zobe ke da sauƙi: rufaffen zagaye ne, lantarkin na samun hanya. Da siririyar sarƙa ce ta faɗi da na ce ki rage sa rai, don injin ba ya ganinta a dunƙule, 'yan ƙulle-ƙullenta yake gani ɗaya-ɗaya, sau da yawa sai maƙullin kawai yake ji.

Ga inda gizo ke saƙa. Injinan zamani suna nuna lamba a fuskarsu. Baƙin ƙarfe irin su ƙusa da waya a ƙasa suke faɗowa, azurfa da jan ƙarfe a can sama, gwal kuwa a tsakiya, kuma a tsakiyar nan alminiyom yake zaune. Wato takardar ƙyalƙyali, da ɗan zoben da ake ɓallewa a kan gwangwanin lemo, duk da murya ɗaya suke magana da zobenki. Gidan da aka yi biki kuwa kin san yadda yake cika da su. In mai injin ya gaji ya danna ya rufe bakin tarkace, to har da zoben ya rufe. Ƙusa kaɗai za a ce ya yi shiru a kanta, sauran duk abin da ya yi kuka a tona.

Yar_Kurna
Ni fa duk wannan turancin bai shige ni ba. Akwai wata baiwar Allah a wajenmu, in abu ya ɓata ana kai mata sunayen waɗanda ke wurin, ta duba ta faɗi wanda ya ɗauka. Kwana biyu za ki ga an jefo miki kayanki ta katanga.

Malam_Na_Zaure
Yar_Kurna, ki ji tsoron Allah. Zuwa wurin mai duba a tambaye shi gaibu haramun ne, babu saɓanin malamai a kai. Kuma ki lura da yadda sana'ar take: an kai mata sunaye, dole ta zaɓi ɗaya, kuma ba za ta zaɓi sunan matar Alhaji ba. Kan mai rauni zai faɗa.

Ke kuma baiwar Allah mai tambaya, akwai abin da ya kamata ki sani ko da ba daɗi. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, wanda ya ari abin da ake iya ɓoyewa, irin su kayan ado da tufafi, shi ke da lamuninsa in ya ɓata, sai fa in akwai shaidar cewa ya salwanta ba da sakacinsa ba. Wato biya na kanki, sai in mai shi ta yafe. Tunda haka ne, ɓoye mata ba ya rage komai. Haƙƙinta ne ta sani.

Hajiya_Zoo_Road
Maganar yarinyar nan ce ta hana ni wucewa. Shekarun baya na nemi warin ɗan kunnena na rasa, washegarin sunan jikata. Akwai yarinyar da ke min wanke-wanke, ba ta fi shekara 13 ba. Ban doke ta ba, ban zage ta ba, amma na sa ta kwance ƙullin kayanta a gabana, ina tsaye. Har yau ina ganin yadda ta zazzage 'yar jakar: zannuwa biyu, ɗan guntun sabulu, da kwalbar man shafawa. Ba ta ce uffan ba. Da sati ya zagayo ta ce za ta je ganin gida, ba ta sake dawowa ba. Bayan wata 7 na ba da kujerun falo a sake musu yadi, mai gyaran ya aiko min da ɗan kunnen a ƙulle cikin leda, wai a tsakanin katako da soso ya same shi. Na aika ƙauyensu, aka ce an yi mata aure an kai ta wani gari. Maman Hanifa, ko nawa ne hayar injin nan ki biya, amma ki tsaya tsayin daka kada wani ya taɓa kayan 'yar mutane.

Baban_Ikram
Allah Ya yafe mana, Hajiya. Amma kada kuma mu mai da kanmu yara. Gidan biki a Kano har da waɗanda ba a gayyata ba suke shiga, da ankonsu da komai, kuma ba don abinci suke zuwa ba. In zoben ya faɗi a fili wata ta taka shi da ƙafa ta sunkuya kamar mai gyara takalmi, ko injin Amurka kika kawo ba zai yi kuka ba.

UmmuSadiq
Baban Ikram, hakan na iya faruwa, amma ai sai an tabbatar ba ya cikin gidan kafin a ce ya fita.

Mai_Gwal_Kasuwa
Hajiya Maman Hanifa, a matsayina na mai wannan sana'a ga nawa. Kada wani ya zo miki da mayen ƙarfe irin wanda 'yan jari bola ke ja a igiya ya ce zai kamo shi. Mayen ƙarfe ba ya kama gwal, da shi ma muke fara gwada na jabu. Amfaninsa ɗaya: ku fara jan sa a yashin ya kwashe ƙusoshi da murafen kwalba, aikin mai inji ya ragu.

Na biyu, in na Makka ne irin na da, galibi 21 ne, za ki ga an buga 21K ko 875 a cikinsa. In akwai hoton bikin da ya fito a hannunki, ki sa a ƙara girmansa a tura wa masu gwal da kuka sani, da nauyinsa da zanen kansa. Amma ki yi da wuri. Tsohon gwal ba ya daɗewa a yadda yake, narkar da shi ake yi.

Auta_Dorayi
To ai ga mafita nan. Anti ki ba Mai_Gwal hoton ya ƙera miki irinsa sak, ki mayar wa Hajiya ki huta.

Mai_Gwal_Kasuwa
Auta, za a iya ƙerawa, amma ba ka san tsofaffi ba. Zoben da mace ta yi shekaru tana sawa ya sha alwala ya sha sabulu, gefensa ya siɗe, ta san inda ya lotsa. Tana riƙewa za ta gane. Daga nan maganar ta tashi daga ɓata ta koma yaudara, ni kuma ba da hannuna ba.

Dan_Jado
Ku bar masu karatu, ku tambayi wanda ya riƙe abin. A 2014 da aka yi rububin zinare a Jado, can arewacin Nijar, ina cikin waɗanda suka bi ta Agadas. Wata 5 na yi ina lilo da inji a hamada, lasifika a kunne, har kafaɗata ta kumbura. Irin wanda muka yi aiki da shi Minelab ne, ƙirar Ostireliya, mai tsada, yana jiyo ƙwayar zinare a can ƙasa sosai. Shi ya sa nake gargaɗinki: in wani ya ce yana da injin haƙar zinare zai kawo miki, ba shi kike buƙata ba. Wannan a daji yake aiki inda ba ƙusa ba waya. Ka kunna shi a cikin birni, ga kwanon rufi ga wayar wuta ga janareta, zai yi ta ihu ne kamar an taka wutsiyar kare. Ƙaramin nan mai nuna lamba, irin su Garrett, shi ya fi dacewa da tsakar gida. Zoben da ya faɗi ranar Asabar ai bai yi nisa ba, ko an tattaka shi bai wuce tsawon yatsa a cikin yashi ba.

Akwai wani abokin tafiyata a Kurna da ke da ƙaramin. In kina so in yi masa magana ki sa maigida ya neme ni ta akwatin saƙo.

Injiniya_Bichi
Dan_Jado ya yi gaskiya. In ya zo, ga abin da za ku kula da shi, don na ga mutane sun ɓata yini guda saboda gaggawa. Kafin komai a samo wani zoben gwal mai kama da shi a ajiye a kan yashin, a ji irin kukansa da lambar da yake bayarwa, sannan a binne shi kaɗan a sake ji. A kashe janareta, a nisantar da wayoyi. A ja igiya a raba yashin layi-layi kamar kunyar gona, a gama ɗaya kafin a shiga ɗaya. Faifan ya riƙa tafiya daf da ƙasa, a hankali, kowane lilo ya hau kan rabin na baya. Mai tonawa kuma ya cire zobensa da agogonsa. Kada ku yi dariya, na ga wanda ya yi ta bin kukan agogon hannunsa.

Wajen simintin ne ban ba ki tabbas ba. In akwai rodi a ƙarƙashi injin zai yi ta kuka ko'ina. Tsohuwar matsala ce. A 1881 da aka harbi shugaban Amurka James Garfield, Alexander Graham Bell, mai wayar tarho, ya haɗa irin wannan na'ura don a gano harsashin a jikinsa, bai samu ba, kuma cikin dalilan da ake bayarwa har da wayoyin ƙarfen gadon da aka kwantar da shi. Sai dai a kan siminti ai ido ma ya isa.

Tsohon_Malami
Injiniya, ka manta da ƙasar kanta. Jar ƙasar Kano da marmara suna ɗauke da tama. Masu binciken tarihi sun samu alamar narkar da ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7, ba banza maƙera suka zauna a nan ba. Ina jin hakan ma zai dami injin.

Injiniya_Bichi
Haka ne Baba, na gode. Yana sa shi gunaguni. Wasu injinan suna da wurin daidaita su da ƙasar wuri, wasu kuma sai dai a rage musu ƙarfin ji. Tunda yashi aka zuba a sama, da sauƙi.

Birkila_Sheka
Ni dariya ma kuke ba ni. Yashi mota ɗaya ne fa. Ku ba ni lebura biyu da shebur da rariyar da muke tankaɗe yashin filasta, kafin la'asar mun juye shi kaf ta cikinta. Ba batir, ba lamba, ba gunaguni. Abin da ya fi ƙwayar masara girma duk zai tsaya a kan waya. Injin Bature na iya tsallake abu, rariya ba ta tsallakewa.

Anti_Mai_Waina
Ku duba rariya tukuna.

Birkila_Sheka
Ai abin da na ce ke nan, Anti.

Anti_Mai_Waina
Ba taka ba, Malam. Rariyar da ruwa ke bi ya fita waje nake nufi. Ta ce a bakin rijiya ta yi alwala. Lokacin sanyi yatsa kan saki, ga ruwa, wataƙila ga sabulu. Zaren da ta naɗa in ya jiƙe ai santsi yake ƙarawa. A buɗe bakin rariyar a kwashe laƙar da ke ciki a bokiti, a bi ta har kwatar waje. Sannan rabon abinci: hannu da maiƙo, ana cusa shi cikin leda ana fitarwa. Ni nawa zoben a cikin ƙullun waina ya taɓa zamewa, sai da wata mai saye ta dawo min da shi, Allah Ya saka mata. A kira duk wadda aka ƙulla wa abinci ta tafi da shi gida, a tambaya ba da sigar zargi ba.

Dan_Fagge
Wani abu kuma: ku sanar da mai unguwa kafin mai injin ya zo. Mutum ya shigo lungun Gwale da sanda mai faifai da lasifika a kunne, kafin ya kai ƙofar gida an ce bam ake nema.

Baban_Ikram
Ko a ce tukunyar dukiya aka gano a gidan. Wallahi da yamma za ku ga 'yan uwan da rabonku da su tun rabon gado.

Dan_Jado
Kai kuwa ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Na daɗe ina tunanin in ɗauki inji in bi gindin badala. Garin da ya yi ɗaruruwan shekaru ana kasuwanci, Kurmi kaɗai tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, a ce ba abin da ya faɗi a ƙasa?

Tsohon_Malami
Ɗana, ka rufa wa kanka asiri. Ganuwar Kano na cikin kayan tarihin da doka ta kare, ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kuma dokar 1979 ta hana haƙar neman kayan tarihi ba da izini ba. Abin da ya rage na badalar ma masu ɗibar ƙasa da masu gini sun ci rabinsa, kada ka ƙara mata da naka ramin. In kana son ganin abin da magabata suka bari, Gidan Makama na nan a buɗe.

UmmuSadiq
Jama'a an bar baiwar Allah da zobenta an tafi badala. Maman Hanifa, ina aka kwana?

Maman_Hanifa
Ku yi haƙuri da shiruna, jiya ba ta zaunu ba. Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Abokin Dan_Jado ya zo da safe, maigidana ya kawo shi, kuma mun gaya wa mai unguwa kamar yadda aka ce. Duk da haka sai da yara suka cika zaure.

Mun bi yadda Injiniya ya faɗa. Yayata ta ciro nata zoben aka gwada, muka ji kukan, wani siriri mai daɗi. Daga nan duk sanda injin ya yi irinsa sai gabana ya faɗi, in durƙusa in tona, in fito da kan gwangwani. Tun ina ƙirgawa har na daina. Mun cika kwanon sha da murafen lemo, takardar ƙyalƙyali, fil ɗin ɗankwali, cokali biyu, da makullin da Ummanmu ta canza wa kwaɗo tun bara saboda ɓatansa. A gefen katanga inda yashin bai kai ba ya jiyo wani abu a ƙasa sosai, aka tona sai ga kwabo mai huji, ya yi baƙi ƙirin. Umma ta karɓa ta yi ta juya shi, ta ce rabonta da shi tun kafin a canza kuɗi zuwa naira.

Wajen azahar ya yi kukan nan sak, lambar ma iri ɗaya. Wallahi har na fara hamdala. Na tona sai ga gwal, amma ba zobe ba: warin ɗan kunne ne mai ɗan dutse ja. Ba nawa ba ne, ba na kowa a gidanmu ba ne.

Zoben dai babu. An kwashe laƙar rariya, babu. A bakin rijiya injin bai da amfani, murfin ƙarfe ne kuma dakalin da rodi, kuka kawai yake. Wani abin da ban sani ba sai jiya, an kwashe shara bokiti uku an kai bola tun daren Asabar, kafin in farga. Yarinyar kuwa ita ta fi kowa tona, har farcenta ya karye. Na ce duk wanda ya sake ambatonta ni da shi ne.

Hajiya_Zoo_Road
Allah Ya yi miki albarka.

Tsohon_Malami
A Janairun 1973 aka koma naira da kwabo. Ku adana wa jikoki wannan kwabon, kada a ba 'yan gwangwan.

Auta_Dorayi
To Anti ai Allah Ya rage miki asara. A sayar da ɗan kunnen a cika a sayi zobe.

Malam_Na_Zaure
Auta, kai dai kullum ta gajeriyar hanya kake bi. Wannan tsintuwa ce, kuma hukuncinta a bayyane yake a hadisi: a kiyaye siffarta, a yi cigiya shekara guda. Ba ma za a kai ga haka ba in sha Allahu, tunda an san taron da aka yi. A sanar a zaurukan dangin amarya da na ango cewa an tsinci ɗan kunne, amma kada a saka hotonsa, kada a faɗi launin dutsen. Mai shi ta siffanta, ko ta kawo ɗaya warin.

Maman_Hanifa
Malam, ai na riga na faɗi launin a nan.

Malam_Na_Zaure
To sai ta kawo ɗaya warin.

Yar_Kurna
Kun ga dai injin naku bai samo ba. Kuma wa ya sani ko a wani gidan yanzu haka wata 'yar aikin ake tuhuma a kan wannan ɗan kunnen.

UmmuSadiq
Wannan maganar taki ta ƙarshe gaskiya ce, Yar_Kurna. Maman Hanifa ki yi cigiyar yau, kada ki bari sai gobe.

Birkila_Sheka
Har yanzu ina nan a kan bakana. Inji ya bi, to a tankaɗe. In zoben ya tsaya a tsaye ta gefe, ko ya kwanta kusa da ƙusa, Injiniya ka faɗi gaskiya, ba zai iya tsallake shi ba?

Injiniya_Bichi
Zai iya. In ya tsaya ta gefe kukan na raguwa sosai, kuma ƙusa a kusa da shi na iya danne shi. Ban ƙi a tankaɗe ba. In ba a tankaɗe ba, a sake bi da injin ta ɗaya fuskar, wanda aka bi gabas da yamma a bi shi kudu da arewa.

Baban_Ikram
Ni dai na faɗa tun farko. Bokiti uku a bola tun Asabar, 'yan jari bola sun riga kowa.

Maman_Hanifa
Na yi cigiyar ɗan kunnen, har yanzu ba wadda ta fito. Daren jiya kuma muka je wurin Hajiya ni da maigidana. Auta, ka canka: ta riga ta ji tun ranar Litinin, jira take ta ga yaushe zan zo. Ban san inda zan sa fuskata ba. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce in biya ba. Tambaya ɗaya ta yi min, wai murfin rijiyar a buɗe yake lokacin da na yi alwala? Na ce a buɗe, don ana ta jan ruwan girki. Sai ta ce to a yashe rijiyar.

Anti_Mai_Waina
Tsohuwa ta san abin da take faɗa. Amma don Allah masu yasar rijiya na sana'a za ku kira, kada wani yaron gida ya ce zai shiga. Tsohuwar rijiya na riƙe iskar da ke shaƙe mutum.

Dan_Jado
In sun fito da laƙar kada a zubar. A baza ta a kan buhu nesa da dakalin, abokina ya bi ta da inji. Faifan ba ya tsoron ruwa, amma kan injin mai lamba kada ya jiƙe, ba nawa ba ne.

Birkila_Sheka
Ranar da masu rijiyar za su zo ku gaya min, in taho da rariyata a yi gaba ɗaya. Kuɗin leburori kawai za ku biya.

Maman_Hanifa
Asabar da safe suka ce, in Allah Ya kai mu. Malam Birkila, maigidana zai neme ka.

Mai_Gadi_Bompai
Dan_Jado, in an gama da na Hajiya ka tambayar min abokin naka nawa yake karɓa. Makullin babur ɗina ya faɗi a filin ƙwallo tun makon jiya, sandata ta gaza.